Tsohon Sunan Mijin Yayata

Ni ne mai laifi a labarin nan. Gara in faɗa muku tun farko, kada ku kai tsakiya kuna neman wanda za ku zarga.

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Ka'akiyya a Makka, mijin yayata yana tuƙa motar alhazai a unguwar Aziziyya. Mu haifaffun Makka ne, shi kuwa zuwa ya yi. Mahaifinsa Bakano ne mai fataucin goro, ya rasu a kudancin Najeriya, ya bar shi ƙarami a hannun uwa wadda ba Musulma ba. Ita ta kai shi wani coci, irin wanda samarinsa ke yawo bibbiyu cikin fararen riguna. Suka nitsa shi a ruwa, suka rubuta shi da wani suna. Da ya girma ya nemi dangin ubansa, ya karɓi kalmar shahada, ya yi karatu har ya wuce mu. Babanmu ya san duk wannan kafin ya ba shi aure. Cewa ya yi Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi, aka rufe maganar.

Mutum ne mai sanyi, ga murya. Ladanin masallacin unguwarmu ya tsufa, don haka shi ke kiran magariba duk ranar da yake gida. In ya ja kiran, sai ka ga kamar duwatsun da ke bayan gidajenmu sun matso su saurara. Ni kuma ƙanin mata ne, kun san wasan da ke tsakani. Duk abin da ya zo bakina faɗa masa nake yi, ya yi murmushi ya ce, "Allah ya shirye ka, auta."

Wata safiya ya ce in kai shi Jidda. A mota ya faɗa mini dalili.

"Cocin nan ba sa goge sunan mutum don ya daina zuwa," in ji shi. "Ƙanwata ta wajen uwa ta bugo, ta ce sun zo suna tambayar inda ɗan'uwansu ya koma. Kuma an ce mini mutanensu kan yi wankan shiga addinin a madadin iyayensu da suka mutu. Ban san ko wani zai taɓa yi da sunan mahaifina ba. Amma shi da sallarsa ya rasu. Ba na son a sami ƙofar da za a bi ta kaina a isa wurinsa."

Ya sami wani lauya a can gida da ya san irin aikin. Lauyan zai rubuta musu cewa ya fita, su goge shi, kada su sake nemansa. Abin da ya rage shi ne ya sa hannu a gaban mai hatimi a Jidda.

Na ce, "Haba Yaya, har sai an ɗauki lauya kafin ka fita daga ɗakin da ka bari tun ina rarrafe?"

Muka isa Jidda, ya sa hannu.

A hanyar dawowa rana ta take, kwalta tana ƙyalli kamar ruwa. Muka iso wurin allon nan da ke nuna wa waɗanda ba Musulmi ba hanyar da za su ratse. Ni tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga kai na karanta shi ba. Shi kuwa sai da ya bi shi da kallo har muka wuce.

"Ina yawan wani mafarki," ya ce a hankali. "Ina cikin ɗawafi, kowa da farin tufafi, tattabaru suna kewaye sama ba sa motsa fiffike. Sai in ji an kira ni da tsohon sunan nan, daga nesa, da ladabi. Ba wanda ya waiga sai ni. Waigawar ce take tashe ni."

Kun san me na yi? Dariya.

Washegari bayan la'asar dattawan unguwa suna shan shayi a ƙofar masallaci. Ya taho zai zauna, sai na ce, "Ku matsa wa Fasto wuri." Aka yi dariya, dariyar ta yi mini daɗi. Wani tsoho ya ce da Larabci, "Esh hada, mene ne wannan? Wane fasto kuma?" Ni da ba a cika saurarata a cikin manya ba, sai baki ya buɗe. Na ce ai har yau sunansa na cikin rajistar coci, jiya ma Jidda na kai shi a kan maganar.

Ba wanda ya ƙara dariya. Na ji ƙarar cokali a cikin kofi.

Da magariba ta yi, wani ne ya riga shi zuwa wurin lasifika. Washegari ma haka. Ba wanda ya ce masa kada ya kira, ba kuma wanda ya sake ce masa bismilla. Kafin mako ya zagayo, kafilinsa, wato wanda yake aiki a ƙarƙashinsa, ya neme shi ya kawo takardar shaidar musuluntarsa. Ya kai, aka bar shi da aikinsa.

Mahaifiyata ta kira ni ɗaki. "Ya waladi, ɗana, a Makka kake wannan wasan? Garin da ake juyar da mutum a hanya saboda wannan maganar?" Yayata kuwa ta daina haɗa ido da ni. Shi kaɗai ne bai canza ba. Yana kirana auta, yana kawo mana burodin tamis da safe, yana salla a sahun baya. Ni kuma na riƙa gaya wa kaina ai wasa ne, zai wuce.

Bayan watanni amsar lauya ta zo, sun goge shi. Na ruga gidansu na ce, "Yaya, ba ni takardar in kai masallaci su gani."

Ya zuba mini shayi ya ce, "Ba don su na cire ba, auta. Wannan tsakanina da mahaifina ce. Kuma ba takarda ce ta karɓe mini kiran salla ba."

A ranar na gane cewa shi ya yi ta wahala ya ciro sunansa daga hannun mutanen nesa, ni kuma da bakina na rubuta masa wani a ƙofar gida. Na farkon lauya ya iya goge shi. Na biyun babu mai gogewa sai ni.

Yanzu ya koma kiran magariba, muryar ta ɗan tsufa. Ya ce mafarkin ya daina zuwa masa. Ni ne dai duk lokacin da na bi ta ƙarƙashin allon nan sai na rage gudu, in tuna ban yi komai ba aka haife ni a wannan gefen, shi kuwa da ƙafarsa ya tako.

Ga yadda aka yi ya koma kiran. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan zuwan amsar lauya, bayan la'asar, na miƙe a gaban dattawan nan, da Hausata mai rabin Larabci na ce:

"Iyayena, maganar da na faɗa a nan zalunci ce. Yana yaro aka rubuta shi, da girmansa ya zaɓi Allah, ni kuwa gado na tarar. Asirinsa ya ba ni a mota, na sayar da shi don ku yi mini dariya. Yaya, na cuce ka, na raba ka da kiran sallarka. Don Allah ka yafe mini."