Kwashe aiki ranar suna

A duk gidanmu wuri ɗaya ne sabis ɗin waya ke tsayawa, wato kan dakalin ƙofar gida, kusa da turken akuya. Ka matsa zaure ya yi rauni, ka shiga tsakar gida ya ɓace. Ni kuwa a shekarar ina bincike kan gonakin gero, ina nazarin hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka, aikin kuma ya fi ƙarfin kwamfutata. Can jami'a akwai tarin manyan kwamfutoci da aka haɗa suna aiki tare, an ware wa kowannenmu kwantenarsa a ciki, da kayan aikinsa da shafin da yake rubuta lissafinsa. Daga ƙauye shafin nan ba ya buɗuwa, sai ya yi ta juyi har ranka ya ɓaci. Abin da ke shiga shi ne baƙin allon nan da ake buga umarni da hannu, babu hoto babu ado, kuma da shi na saba.

Na zo gida ne sunan ɗan ƙanena. Da safiyar sunan, ina ɗaura agogo, saƙo ya shigo daga mai kula da kwamfutocin: za a yi gyara, za a rushe duk kwantenoni da azahar, kowa ya kwashe aikinsa zuwa ma'ajiya. Abin da ba a kwashe ba ya tafi ke nan. Aikin damina guda ne a cikin tawa.

Na ɗauki kwamfuta na fita, sai na tarar an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, dakalina kuma yana tsakiyar taro. Na raɓa na zauna a gefensa. Shiga kwamfutocin jami'ar ba wuya: ka buga kalmar sirri, a turo maka lamba ta waya, ka buga ta kafin ta mutu. Lambar na shigowa sai ga kawuna da sandarsa. A garinmu ba a gaida babba da ido a kan wani abu. Na ajiye kwamfuta, na durƙusa.

"Ina kwana, Kawu?"

"Lafiya lau. Ya birni? Ya karatu? Ya malaman naku? An ce har yanzu ba ka gama ba."

Kafin mu kai kan gajiyar hanya lamba ta mutu. Na nemi wata, sai liman ya iso. Na sake nema, sai ga surukan ƙanena a jere, kowanne da tasa gaisuwar, ba mai yarda a haɗa shi da wani. Sau ɗaya na samu na shiga har na ga kwantenata a jerin masu aiki, amma kafin in dawo daga wani durƙuson layin ya yanke. Daga nan allon ya gargaɗe ni cewa in na ƙara kuskurewa za a kulle ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina murmushi ina ta zufa.

Baba yana kan buzunsa, inda kowa ke zuwa ya same shi, don ciwon gwiwa ya daɗe da hana shi doguwar tsayuwa. Ya yafito ni.

"Kai, lafiya kake ta mutsu-mutsu kamar mai ƙaiƙayi?"

Na rasa ta inda zan fara, sai na ce, "Baba, rumbun da na zuba aikina za a rushe da azahar, kuma daga kan dakalin nan kaɗai zan iya kwashewa."

Na koma kan dakalin. Ya dafa bango ya miƙe, ya zo ya tsaya a gabana, ya baza babbar rigarsa har na ɓace a bayanta. Duk wanda ya nufo ni sai ya ci karo da shi.

"Yana gaishe ka, Alhaji, hannunsa na cikin aiki. Ya iyali? Ya aka ji da jama'a?"

Wani abokin wasansa ya ce yau ga uba yana yi wa ɗa dogari, aka fashe da dariya, Baba ya ce ai aikin ma babu albashi. Ni dai na buga lamba, na shiga, na ba da umarnin kwashewa, na kuma sa shi ya ci gaba ko da layi ya yanke. Sunayen fayiloli suka fara gangarowa a hankali. Aka raɗa suna, aka shafa fatiha, aka raba goro, duk ina jiyowa ta bayan riga. Ta ƙasan rigar kuma ina ganin ƙafarsa ta hagu tana rawa.

Da allon ya nuna an gama, na ja gefen rigarsa. Ya koma buzunsa da ƙyar, ya zauna yana murza gwiwa. Daɗi da kunya suka kama ni lokaci guda, na kasa haɗa ido da shi.

"An kwashe duka?"

"Duka, Baba."

"To, tashi ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da kawunka."