Takardar Garantin Surukina

A shekarun yaƙin basasa ina koyarwa a firamaren Kudan, ban daɗe da yin aure ba. Matata 'yar wani ƙauye ce a gefen Makarfi. Mahaifinta manomin rake ne, yana kuma dafa mazarƙwaila da rani, yana da dawakai biyu masu juya masa injin matse rake. Dogon mutum ne marar yawan magana, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna na tafasasshen ruwan rake. Tsakanina da shi kunya ce irin ta suruki. In na je gaishe shi, tun daga ƙofar zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa nesa kaɗan, mu yi ta gaisuwa idona na ƙasa. Yana ce mini Malam, ina ce masa Baba.

Babban ɗansa, wan matata, ya shiga soja ba da son uban ba. Wasiƙarsa takan zo jefi-jefi, a rubuce da boko, ni kuma nake karanta wa Baba idan na hau keke na je ƙarshen mako. Ba ta wuce layi biyar: yana nan lafiya, a gaida kowa, a ci gaba da addu'a. Baba yakan sa in maimaita, sannan ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Wata rana ya kai kaya Zariya, ya sauka gidan dillalinsa, a can ya fara ganin talabijin. Abin da ya riƙe shi ba waƙe-waƙen ba ne. A cikin labarai ya ga an nuno sojoji suna hawa mota, fuskokinsu fes, har wani ya juyo ya yi dariya. Ya dawo gida bai gaya wa kowa komai ba. Da ya gama sayar da mazarƙwailar shekarar, sai ga shi ya sauko daga lori da kwali a ka.

Ƙaramin akwatin talabijin ne mai aiki da batirin mota, don ƙauyen ba lantarki. Aka haɗa gora uku aka ɗaure, aka kafa eriya a saman zaure. Wani direban lori ɗan Ikara, abokin cinikin Baba, shi ya ɗauki nauyin batir: duk ranar kasuwar Makarfi ya sauke mai caji, ya tafi da wanda ya yi sanyi. Dattawan unguwa wasu suka yi tir, suka ce mutum mai shekaru irin nasa bai kamata ya shigo da wannan abu gida ba. Bayan sallar magariba yakan kunna, ya jawo buzunsa gaban akwatin har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya kalli labarai. Ana gamawa ya kashe, ya lulluɓe shi da zane, ya tafi masallaci. Kowa ya san wanda yake nema, ba wanda ya faɗa.

Ranar da ya sayo shi ya miƙo mini wata takarda mai kauri da hatimin kantin a jiki. Ya ce an gaya masa garanti ce, in akwatin ya lalace cikin wata shida za su gyara ko su sake masa wani, ni ne mai jin Turanci, in adana. Na karɓa hannu biyu. Da na koma Kudan na duba ta a hasken taga. Manyan baƙaƙen na gane su. Na ƙasa kuwa ƙanana ne, cunkushe, Turancin lauyoyi, na karanta layi biyu na ji kaina ya ɗaure. Iyakar karatuna horon malanta ne na shekara biyu, amma a ƙauyen nan ana ganina kamar ba takardar da za ta gagare ni, ni ma ina jin daɗin hakan. Ban nemi hedimastanmu ya taimaka mini ba don kada ya ga gazawata. Na sa takardar a cikin adakar matata, na manta da ita.

A wata na biyar, ana tsakiyar marka, hoton ya fara tsukewa. Baƙin layi ya fito sama da ƙasa, mutanen da ke ciki suka zama gajejjeru. Baba bai yi mini maganar kai tsaye ba, sai ya gaya wa surukata, ita ta gaya wa matata, matata ta gaya mini. Na je na duba, na murɗa maɓallan da na sani, na fita na kalli eriya kamar mai gane wani abu. Daga nan na ce batir ne ba ya cika da kyau, ga kuma hadari da ke tare hoton a hanya, in damina ta ja baya zai koma daidai. Baba ya ce, “Malam, ko dai mu mai da musu su gani?”

Na ce ba sai mun wahalar da shi a wannan taɓon ba, ruwa ma zai iya dukansa a mota. Gaskiya hanyar ta lalace, amma ba ita ce dalilina ba. Jarrabawar yara ta matso, ga shi kuma ina tsoron in tsaya gaban Baturen kanti a gaban surukina, harshena ya sarƙe. Baba ya ce to, tunda na gani.

Hoton ya ci gaba da ƙanƙancewa. Har ya zama kamar faɗin tafin hannu, Baba yana nan yana kallo, yana ƙara matsowa. Lokacin da gero ya nuna, wata Alhamis, sai ya koma farin zare ɗaya a tsakiyar gilashin. Murya tana fita, ana jin mai labarai yana bayani, amma ba hoto. Washegari muryar ma ta ɗauke, wani ƙauri ya tashi daga bayan akwatin.

Na buɗe adaka na ciro takardar, na lissafa kwanaki daga hatimin. Wata shidan ya wuce da kwana tara. Na sake lissafawa ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Duk da haka muka tafi. Direban Ikara ya ba mu gaban mota. Baba ya naɗe akwatin da bargo ya rungume shi a cinya, duk ramin da muka faɗa sai ya ɗaga shi sama kada ya bugu. Tun daga Makarfi har Zariya gefen kafaɗata na gogar tasa, abin da bai taɓa faruwa ba, kowannenmu yana kallon gaba.

Kantin babba ne, da fanka a sama, da kekunan ɗinki da rediyoyi a jere. Akawun da ya tarbe mu Bahaushe ne, ya gaida Baba da ladabi, ya karɓi takardar, ya duba kalandar bango, ya ce lokaci ya wuce, ba abin da zai iya yi. Baba ya ce a kira masa mai kantin. Muka zauna kan benci har azahar ta yi, muka je muka yi salla muka dawo, sannan manajan ya fito, wani Bature mai jan wuya, da fensir a bayan kunne.

Baba ya miƙe ya yi bayani, ni ina fassarawa. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce shi ma ɗan kasuwa ne. In ya sayar wa mutum doki, daga baya aka gane dokin da ciwonsa ya bar hannunsa, ba ya tambayar kwana nawa aka yi, karɓar abinsa yake yi. Ya ce wannan akwati bai faɗi ba, ruwa bai taɓa shi ba, ba yaron da ya taɓa kunna shi, kuma ciwon ya fara tun alkawarinsu yana da sauran kwana arba'in. Abin da mutum ya sayar da amfanin gonarsa na shekara ya saya, bai kamata ya mutu kafin a kai ga wata kaka ba.

Baturen ya saurara, bai yi wulaƙanci ba. Ya sa aka buɗe bayan akwatin, ya leƙa, ya tambayi yadda abin ya fara. Da na gaya masa, sai ya girgiza kai, ya ɗora yatsa kan ƙananan baƙaƙen nan na ƙasan takardar. Ya ce ai ga shi a rubuce: da zarar an ga alamar matsala a kawo, ko a aiko da wasiƙa. Da ko kati ɗaya muka jefa a gidan waya lokacin da hoton ya fara tsukewa, da yanzu sun ba mu sabo. Ya ce ƙaramin abu ne ya fara lalacewa, da aka ci gaba da kunnawa shi ya ƙone babban.

Na ji kowace kalma. Wannan karon Turancin bai gagare ni ba. Na juya wajen Baba na ce, “Ya ce a yi haƙuri, lokaci ya riga ya wuce.”

Akawun yana tsaye a gefe. Ba na jin da mugunta ya yi, gani ya yi na taƙaita, ya so dattijo ya fahimta. Sai ya mayar da maganar Baturen duka da Hausa, har da batun kati da gidan waya, ya ƙara da cewa duk yana cikin takardar, ai da an karanta masa.

Na jira Baba ya dube ni. Bai duba ba. Ya sunkuya yana gyara bakin bargon, ya ce wa akawun, “An karanta mini. Ni ne na ga hanya ba kyau.”

Ya yi musu godiya, ya ɗauki kayansa. Na kai hannu zan karɓa, ya ce in bar shi, ba nauyi.

Muka bi ta Sabon Gari wajen masu gyara. Waɗanda suka ƙware da irin wannan aiki yawancinsu sun bar garin tun kafin yaƙi, shagunansu wasu a rufe. Mun sami wani mai gyaran rediyo, ya duba ya ce abin da ya ƙone daga ƙasar waje yake zuwa, yanzu kuma kaya ba sa shigowa, sai dai in an gama yaƙi. Ya ce in Baba yana so zai saya a hannunsa don ya cire wasu kayan ciki. Baba ya ƙi.

Bai haƙura nan take ba. Bayan kwana biyu ya je Likoro wajen wani malami da yake ɗaukar karatu a gunsa tun yana saurayi, ya tambaye shi hukuncin ciniki in kaya ya fito da aibi. Surukata ce ta ba matata labarin yadda suka yi. Malamin ya ce haƙƙin mai saye ne ya mayar da kaya in aibin tun daga hannun mai sayarwa yake, takarda ba ta kashe wannan haƙƙi. Sai ya tambaye shi, da ya ga aibin, ya daina amfani da abin? Baba ya ce a'a, kullum yana kunnawa. Malamin ya ce to wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani, ana ɗaukar ya yarda ke nan. Baba ya dawo gida, ya sa aka sauke gorar eriya, ya aika wa direban Ikara da batirinsa.

Matata ba ta san abin da ya faru a kantin ba sai da na gaya mata da kaina, bayan kusan wata guda. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Daga baya ta ce in je in ba shi haƙuri. Na shirya maganar a kan keke sau da yawa. In na isa na durƙusa, sai gaisuwa ta ja mu, ina gajiya, ina aiki, yaya yara a makaranta, yaya rake, har in ga ba ƙofar da zan shigo da ita. Shi kuma bai taɓa sauya mini fuska ba. Rake mafi kyau a gonarsa shi ake ɗaure mini a bayan keke kamar da.

Abu ɗaya ne ya sauya. Wasiƙa ta daina jirana. In ta zo, sai ya saka hula ya taka har cikin Makarfi wajen malamin asibiti ya karanta masa. Takardar haraji ma can yake kai ta. Ban tambaya ba, shi ma bai ba da dalili ba. Labarin wan matata sai dai in ji a bakin mata, cewa an mai da su wani wuri, ko ya yi zazzaɓi ya warke.

Rani ya shigo, aka fara matsar rake. Ina cikin aji wata Talata da hantsi aka aiko in zo gida. Na tarar da matata a tsakar gida ta ɗaura mayafi, goyo a baya, ba ta kuka tukuna. Takarda ce ta zo daga barikin soja a ambulan mai ruwan ƙasa. Baba ya kai wa malamin asibiti, ya karanta masa a tsaye a baranda, marasa lafiya na jira a layi. Ba harbi ba ne, ciwon ciki ne ya kashe wan matata a wani sansani, kuma an yi mako bakwai da binne shi kafin takardar ta iso.

Na ɗauko ta a keke muka tafi. An kwance dawakan, an kashe wutar dafa rake, ruwan da aka matse da safe yana nan cikin kasko ƙudaje na bi. Zauren ya cika da mutane. Na tuɓe takalmi na durƙusa a inda na saba, na yi masa ta'aziyya. Ya amsa, ya ce Allah ya ba da lada, Malam, ya tambaye ni ko mun sha rana a hanya. Sannan ya juya ga na bayana.

Kwana bakwai na yi ina zuwa zaman makoki bayan an tashi makaranta. A rana ta takwas aka ɗaura dawakai, aka koma aiki, don raken da aka sare ba ya jira. Akwatin kuwa an shigar da shi ɗakin ajiyar mazarƙwaila, a naɗe cikin bargonsa. Bayan shekara huɗu Baba ya rasu, da aka zo rabon gado aka kwance bargon, aka tarar tururuwa sun yi gida a ciki.