Beshik ɗin da Ba Ya Fita Gida

Idan ka shigo layinmu a Margilan, gida na uku a hannun dama mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe, nan Ozoda take aure. Ba sai ka tambaya ba. Ƙofar gidan ta fi ta kowa tsabta, don tun rana ba ta fito ba Ozoda ta share ta, ta yayyafa ruwa, ta dafa ƙirji ta gaida duk wanda ya wuce, yadda ake son matar ɗa ta yi. Iyakar yawonta a duniya ke nan: daga tanderu zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa tanderu.

Abin dariyar shi ne, yarinyar nan 'yar tsere ce. A ƙauyensu can bayan duwatsu, wajen Angren, ta taɓa zuwa ta uku a gasar gudu ta makarantun yankin, har aka rataya mata lambar tagulla. Lambar tana nan ba ta ɓata ba. A sandar beshik aka rataye ta, ɗanta Elyor ya tsotse igiyar har ta koɗe.

Beshik ɗin irin na kowane gida ne: gadon jariri na katako mai lilo, da 'yar tukunyar fitsari a ƙarƙashi, da ɗamara biyu masu faɗi da ake ɗaure yaro da su, ɗaya a ƙirji ɗaya a gwiwa. 'Ya'yan mutane suna shekara ɗaya da rabi sun bar shi. Elyor kuwa shekara biyu da wata huɗu, yana cin nama, yana zagin kaza, amma ba ya runtsawa sai an kwantar da shi a ciki an ɗaure shi tamau. Ƙafafunsa sun leƙo waje kamar na kare a kwali. Matan layinmu, da ba sa ganin abin tsokana su ƙyale, suka sa masa suna Alhajin Beshik. In sun leƙo ta katanga sai su ce, “Ozoda, maigidan ya tashi? A gaya masa an zo neman shawara.”

Takan yi dariya, don ba ta iya fushi a gaban mutane. Amma cikinta ya shiga wata na bakwai, kuma ita ke durƙusawa sau biyu a yini ta ɗaga wannan ƙaton, ta ɗaure, ta zauna tana kaɗawa da ƙafa har ƙafar ta mutu.

Mijinta Davron yana Rasha, yana shimfiɗa wa mutane daɓe a gidajen sama. Yakan kira ranar Lahadi, fuskarsa ta cika waya, ya ce a nuna masa jarumi. Sai a nuna masa jarumi a ɗaure. Gidan kuwa na mahaifiyarsa ne, Hosiyat, tsohuwa mai haƙoran zinariya uku da gwiwa mai ciwo. Ba muguwa ba ce, kada a ɗora mata abin da ba ta yi ba. In ta ɓare rumman, rabin da ya fi ja take tura wa Ozoda. Sai dai komai na gidan yana da yadda ake yin sa, kuma ita kaɗai ta san yadda ake yi.

Abu ɗaya Ozoda take so. Shekara ɗaya da rabi rabonta da mahaifiyarta. Tana son kwana goma a ɗakin uwarta kafin ciki ya yi nauyi, kafin ƙanƙara ta sauka a hanyar dutse. Kwana goma ta yi barci har rana ta fito, wani ya dafa, wani ya share ƙofa. Ta yi mako biyu tana juya maganar a baki. Ranar da ta faɗa, sai da ta zuba shayi rabin kofi, ta miƙa da hannu biyu, ta sunkuyar da kai.

“Oyijon,” ta ce, yadda ake kiran uwar miji, “da kun yarda, da na je na gano Aya, mahaifiyata.”

Hosiyat ta kurɓa, ta kira ta yadda ake kiran matar ɗa. “Ki je mana, kelin. Wa ya riƙe ki? Ni ma ɗiyar wata ce.”

Ozoda ta ɗago kai da murna.

“Da yaron za ki?”

“Da shi, Oyijon.”

“A ina zai kwana?”

“Sai a ɗaura beshik ɗin a saman mota.”

Tsohuwa ta ajiye kofi. “A saman mota. Kamar buhun albasa. Ke, beshik ɗin nan a ciki mijinki ya girma, a ciki ubansa ya girma. Ba ya tsallake ƙofar gidan nan. In ya fita, albarkar haihuwa ta bi shi.”

“To na bar muku Elyor ɗin?”

“Da wace gwiwar? Wannan ɗan maraƙin zan ɗaga?” Ta shafa kan yaron, wanda ke tsoma gurasa a shayinta. “Ki raba shi da beshik. Dama dole ne, mai shi yana tafe. Ranar da ya yi barci a katifa kamar mutane, ni zan biya kuɗin motar.”

Washegari da azahar aka fara yaƙi. Duk layin mun ji. Ta shimfiɗa masa katifa, ya tashi ya hau beshik da kansa ya miƙe hannuwa yana jiran ɗauri. Ta sauko da shi, ya koma. Ta ɓoye beshik a bayan labule, ya kwanta a ƙasa yana birgima, yana ihu kamar ana yi masa kaciya. Kwana uku bai yi barcin rana ba. Yaron da bai yi barci ba kuwa kowa ya san shi: ya zuba gishiri a tukunyar madara, ya jefa takalmin kakarsa a tanderu, ya ciji kyanwa. Ozoda tana bin sa da ciki a gaba, hannu ɗaya a ƙugu, idanu sun yi zuru-zuru.

“Alhaji ya ƙi sauka daga mulki?” in ji matan katanga.

“Ya ƙi,” ta ce. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

A kwana na huɗu ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana kallonsa. Ya gaji tilis, yana layi, amma da ya rufe ido sai hannuwansa su zabura ya farka da kuka. Nan ta gane. Ashe ba gadon yake so ba. Yaron nan tunda aka haife shi bai taɓa barci a sake ba, hannuwansa ne suke ba shi tsoro. Ta tashi ta kwance ɗamarun nan biyu daga beshik, ta kwantar da shi a katifa, ta naɗe shi da katifar gaba ɗaya ta ɗaure. Ya yi ajiyar zuciya, ya tura baki, ya tafi.

Kullum sai ta sassauta kaɗan. Ta cire ta gwiwa. Ta mayar da ta ƙirji sako-sako. A kwana na tara ɗora masa ɗamarar kawai ta yi a kan cikinsa, ya rungume ta ya yi barci, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Hosiyat ta zo ta tsaya a kansa.

“To,” ta ce. “Alhamis. Na yi wa direba magana.”

Ranar Laraba ba wanda ya ga Ozoda tana tafiya, sai dai a guje-guje. Ta gasa gurasa goma sha biyu ta tsaraba. Ta goge riguna. Ta yi wa surukarta miyar kwana biyu. Don kada a ce ta bar aiki, ta fito da beshik tsakar gida ƙarƙashin inabi, ta cire shimfiɗarsa duka ta wanke ta shanya, ta bar katakon ya sha iska.

Duk yarinyar da ta tashi a ƙasar nan ta san ba a barin beshik haka. In babu yaro a ciki, sai a sa gurasa da wuƙa, a lulluɓe shi da mayafi. Ozoda ta sani sarai. Gurasa goma sha biyu tana da su a kwando, wuƙa tana hannunta tana yanka karas. Amma ranta ya riga ya haye duwatsu, yana zaune a ɗakin uwarta.

Ƙarar ce ta fara isa kunnenta. Ƙiƙi, ƙiƙi, ƙiƙi. Sannan 'yar murya tana rera waƙar lallashi, irin wadda ita take yi wa ɗanta. Ta leƙo daga kicin. Elyor ya kama sandar beshik da hannu biyu yana kaɗawa da ƙarfinsa, lambar tagulla tana bugun katako, ciki babu komai sai inuwar ganye.

“Aya, duba! Jariri barci!”

Hosiyat tana bakin ƙofar ɗakinta da kwanon shinkafa. Kwanon ya faɗi.

“Wa ya bar shi a buɗe?”

“Oyijon, minti biyu ne, shimfiɗar nake...”

“Wa ya bar shi a buɗe!”

Tsohuwar da gwiwa ba ta barinta hawa matakala uku, sai ga ta ta tsallake tsakar gida ta fizge yaron. Ta cire ɗankwalinta ta rufe beshik. Ta kunna busasshen ganyen turare, ta zagaya gadon, ta zagaya cikin Ozoda sau uku tana addu'a. Da hayaƙin ya lafa ta zauna daɓas a kan dakali.

“Kafin Davron na haifi wata yarinya,” ta ce, ba ta kalli kowa ba. “Ina da cikinta ƙanwar mijina ta kaɗa wannan gadon babu kowa, tana wasa. Na hau hanya zuwa biki. Kwananta shida a duniya.”

Sannan ta ɗago ta dubi Ozoda.

“Ba za ki hau mota ba, kelin. Ba gobe ba, ba jibi ba. Sai kin sauka lafiya.”

Lissafin ba shi da wuya. Wata biyu kafin haihuwa. Kwana arba'in na jego, da ba a fita. Daga nan hunturu ya kankama. Daga nan kuma akwai sabon mai beshik, beshik kuwa ba ya fita gida.

Ta kira Davron da yamma, a bayan tanderu. Ya saurara har ƙarshe, ya sosa gemu.

“Ki yi haƙuri, abin da Oyijon suka ce shi ne. Ke ma me ya sa ba ki sa gurasar ba?”

Ta kashe wayar. Gurasar tsaraba kuwa mu maƙwabta muka ci. Ta yi daɗi ƙwarai.

Hosiyat dai ta so ta gyara. Kuɗin motar da ta yi alkawari ta aika, aka ɗauko mahaifiyar Ozoda ranar Lahadi. Sai dai uwar matar ɗa baƙuwa ce babba. Tun safe Ozoda tana kan tukunyar shinkafa da nama. Da aka zauna, ita ce a bakin ƙofa tana zuba shayi, tana tashi tana zama. Tsofaffin biyu suka yi awa uku suna yaba wa juna.

“Kun ba mu ɗiya ta zinariya.”

“A'a, ku kuka mayar da ita zinariya.”

Zinariya tana kwashe kwanuka.

Sai da direba ya fara danna oda uwar ta ce za ta wanke hannu, ta bi ɗiyarta bayan tanderu. Ta zaunar da ita a kan buhun gawayi, ta durƙusa ta ɗora ƙafar Ozoda a cinyarta tana murzawa.

“Sun kumbura.”

“Kaɗan ne, Aya.”

“Kina barci?”

“Ina yi.”

“Maƙaryaciya. Tun kina ƙarama kunnenki ke ja in kin yi ƙarya.” Ta zaro ƙulli daga jaka. Sababbin ɗamaru ne guda biyu na karan-miski, ita ta ɗinka. “Na jaririn. Na ƙara musu faɗi, sun fi riƙewa.”

Ozoda ta rungume su a kan cikinta. Oda ta sake ƙara.

Ta raka uwar har ƙofa, har iyakar inda tsintsiyarta take kaiwa, ta tsaya. Mota ta tashi. Elyor, wanda aka ba shi alewa a motar, ya ga alewa za ta tafi, ya zille ta ƙarƙashin hannun uwarsa ya bi ta a guje. Layinmu kuwa a kan babban titi yake ɓullewa.

Duk wanda yake ƙofar gidansa ya gani. Ozoda ta watsar da silifa. Da cikin wata bakwai, da ɗamaru a hannu, ta wuce gidan mai gyaran keke, ta wuce famfo, ɗankwali ya tashi. Taku biyu kafin titi ta cafke rigarsa.

Ta tsaya a kwanar tana haki, yaro yana wutsil-wutsil a hannunta. Tunda Davron ya tafi ba ta zo nan ita kaɗai ba. Motar ta yi nisa, ta zama ɗigo. A ƙarshen titin ana hango duwatsu, kawunansu sun fara fari.

“Ta ɗaya!” wata ta yi ihu daga katanga. “A kawo mata lamba!”

Ba ta waiwayo ba. Ta ɗan ƙara tsayawa, ƙafa ba takalmi a kan kwalta mai sanyi.

“Kelin!” Muryar Hosiyat ce daga shuɗiyar ƙofa, rabi tsoro rabi faɗa. “Kin haukace? Da ciki? Dawo, a hankali!”

Ozoda ta saɓa Elyor a ƙugu. Ta tsinci silifarta ɗaya a gaban famfo, ɗaya a gaban mai keke, ta shiga gida ta tura ƙofa. Kwanukan baƙi suna jiranta.