Neman Aisi a Doha

Kano

Na bar gida kafin kiran asalatu, a Keke Napep ɗin maƙwabcina, zuwa filin jirgi. Sana'ata haɗa inbata ta sola, kuma tun zuwan korona aisi ta yi wuya, wato 'yar ƙwaƙwalwar nan da ba ta kai farce ba, wadda in babu ita inbata akwatin banza ce. Abokina Sani, wanda muka buɗe shagon tare kafin ya gudu Qatar tuƙi, shi ya aiko min tikitin kallon kofin duniya. Ban damu da ƙwallo ba. Aisi na je nema.

Al Rayyan

Mun sauka Doha da la'asar. Ba a ma nemi takardar gwajin korona ba. Na'ura ta kalli fuskata, ƙofa ta buɗe da kanta. Sani ya zo da motar kamfaninsu, fara fes.

"Yalla, Malam Kabiru! Ka rame."

"Kai kuma ka yi tumbi," na ce, ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

A masaukinsu na Al Rayyan su huɗu ne a ɗaki, gado kan gado, amma na'urar sanyaya ɗaki ba ta numfasa ba har gari ya waye. Muka ci shinkafa da kaza a faranti ɗaya. Na kasa barci, ina ta sauraron ko za a ɗauke wuta.

Al Mirqab

Da hantsi Sani ya kai ni wurin Baba Issaka, mutumin zangon Kumasi, mai tsaron sito a wani kamfanin kayan lantarki. Na faɗa masa irin aisin da nake so. Ya girgiza kai.

"Ɗan'uwa, khalas, ta ƙare. Mai gidanmu ma layi ya bi. Amurka ta hana a sayar wa Sin masu kyau, Sin na ta tara na hannunta, kowace gwamnati na zuba dukiya ta gina masana'antarta."

"To ku yaya kuka samu?"

"Ƙasar nan ba ta ƙera ko ɗaya. Amma masu ƙerawa ba sa aiki sai da wata iska da ake tacewa daga gas ɗin nan. Wa zai so ya ɓata wa mai gas rai?"

Na tuna namu gas ɗin da ke ci da wuta a sararin Neja Delta.

Filin wasa

Ana ihun ƙwallo, ni idona na kan allunan lantarki da suka zagaye filin. Aisin da ke cikin allo guda za ta riƙe shagona har in tsufa. Da aka tafi hutun rabin lokaci Sani ya matso.

"Kafil ɗinmu, ubangidan da ya ɗauko mu aiki, na neman mai gyara. In yi maka magana?"

Sanin da ni na koya wa riƙe ƙarfen liƙa waya! Na ce zan yi shawara. Haushi ya kama ni da na ji bakina bai ce a'a ba.

Komawa

Baba Issaka ya cika min leda da matattun allunan cikin na'urori, ya ce in ciri aisin da zan iya. Allah ya saka masa, shi da Sani.

Na iso Kano lafiya, alhamdulillahi. Unguwa duhu, gidana ma duhu, domin aisin inbatar gidan na cire na sa wa wani kwastoma. Matata ta tare ni da fitilar waya.

"Sannu da hanya. An samo?"

"Haska min ledar nan tukuna," na ce.