Amanar da Uwar Soso Ta Bari

Ɗaliban marigayiya, ku gafarce ni da na dame ku da wannan rubutu. Ban saba ba, larura ce ta sa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta gabata, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanwata, autarmu, malamarku, wadda muke tsokana a gida da Uwar Soso.

Auta, kin ƙarar da ƙuruciyarki a kan soson teku, halittar da ba baki ba ido. Na taɓa ce miki, "Duk dabbobin Allah, ki rasa ta bincike sai wadda ko motsi ba ta yi?" Kika ce, "Yaya, ai dattijuwar dabbobi ce. Ƙwayoyin gadon da ke gina jikin dabba, da yawansu tana da su. Makunnin nake nema: me ke kunna wannan ya kashe wancan, har jiki ya tashi." Na ce ki dai ji tsoron Allah. Kika yi dariya, kika ce, "Ɗinkin nake dubawa, Yaya, ban ce babu Maɗinki ba."

Da 'yan'uwanmu maza biyu suka daina gaisawa, kin kira su ɗakin aikinki, kika matse guntun soso ta cikin ƙyalle har ya koma kamar ƙullu. Bayan kwana biyu kika sake kiransu, suka leƙa: ɓarɓashin ya nemi juna, ya dunƙule. Ba ki yi musu wa'azi ba. Cewa kawai kika yi, "Shi fa ko ƙwaƙwalwa ba shi da ita." A mota ɗaya suka koma.

Yanzu tankunanki na gilashi da kike kiwon soso a ciki suna ɗakin baya, injin iska na ta gurnani. Ranar zaman makoki wata baiwar Allah ta tashi ƙara musu ruwan famfo, na riƙe hannunta, don na tuna kin ce kashe su yake yi. Iyakar sanina ke nan. Ruwan gishirin da kika haɗa ya kusa ƙarewa, ɗaya daga cikin soson kuma ya fara fari daga gefe. Masu rai ne, ina tsoron a tambaye ni hakkinsu.

Allah Ya jiƙan ki, Auta, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ilimin da kika bari ya bi ki. Mijinki da 'ya'yanki da ɗalibanki, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ku kuma ɗalibanta, wanda ya iya haɗa ruwan nan a cikinku, ko yake da wurin ajiye su, don Allah ya amsa mini da wuri. Farin yana ƙaruwa.