Yatsu Biyu na Ɗan Fari

Kafin shagon gilashi na yi ɗinki, na yi gyaran waya, na ɗan taɓa wankin mota. Ko'ina na zauna, da na fara gane kan aikin sai in ji wurin ya ishe ni. Makaranta ma haka na bar ta. Ba wanda ya kore ni, wata safiya ce kawai na sa yunifom na fita, na zo get na wuce. A shagon gilashi da alminiyam ne na ɗan daɗe, nan bakin titi wajen Ƙofar Kuyambana, saboda ogan ba shi da yawan magana, kuma yana barin mutum ya riƙe abin yanka tun bai ƙware ba.

Muna sauke gilashi daga mota ne ɗaya ya tsage a hannuna. Ban ji zafi ba. Na dai ga tafin hannuna na dama ya buɗe, jini yana bin gwiwar hannu yana ɗiga a kan silifas ɗina. Oga ya kalli gilashin, ya kalle ni, ya sake kallon gilashin, sannan ya ɗaure min hannun da tsumma ya tsayar da keke napep.

A asibiti suka tsayar da jinin, suka wanke, suka naɗe. Can sai ga likita, wata mace mai tabarau, ba ta da jiki amma tana da murya. Ta ce in dunƙule hannu. Na dunƙule. Yatsu uku suka bi umarni. Ƙaramin da na kusa da shi suka tsaya ƙyam, kamar ba da su ake ba.

Ta ce jijiyar da ke jan su ce gilashin ya datse. Sai an shiga da ni tiyata, an sa ni barci, an nemo bakin jijiyar an ɗinke. Kuma ba abin a bari ba ne sai an ga dama, don jijiyar kamar roba take, in aka daɗe sai ta ja da baya ta ƙanƙance, yatsun su zauna haka har abada.

Na ce to a yi.

“Shekararka nawa?”

“Sha bakwai.”

Oga ya taka min ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Har yau abokaina in aka tuna zancen sai su ce ni ne mutum na farko a Zazzau da aka tambaya shekaru ya faɗi gaskiya. Ga gemu ya fara fito min, ga tsawo, da na ƙara shekara ɗaya ba mai cewa in kawo shaida.

Ta rufe bironta ta ce, “To ba kai za ka sa hannu ba. Sai babbanka ya zo.”

Oga ya matso. “Ni ne ogansa, likita.”

“Sannu da ƙoƙari, Malam. Oga daban, uba daban.”

Na ce, “Hannun fa nawa ne. Ni nake ciyar da kaina.”

“Na yarda naka ne, kuma kai ma zan tambaye ka. Da jini ne yake zuba zai kashe ka, ba zan jira kowa ba. Amma wannan barci za a sa ka. Sai iyayenka, ko wanda yake riƙonka.”

Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Kakata ce ta ɗauke ni tun daga yaye ta kai ni babban gida a Limancin Kona, ita ta raine ni, ita ma ta rasu shekarar da ta wuce kafin wannan abin. Tun daga nan nake kwana a shagon ƙofar gida, ƙarƙashin Baffa, wan mahaifina. Shi aka aika wa.

Baffa ya zo bayan azahar da babbar rigarsa da carbi. Mutum ne da ya yi aikin gwamnati ya gama, yanzu yana karantar da littattafai a zaure. Ya saurari likita tsaf, bai katse ta ba, har da gyaɗa kai. Da ta gama sai ya ce ba za a yi ba.

“Ƙanina da ƙafarsa ya shiga irin ɗakin nan,” ya ce. “Aiki ƙarami aka ce mana. Aka sa shi barci, bai tashi ba. Wannan shi ne abin da ya bari. Ba zan sa hannuna a sa shi barci saboda yatsa ba.”

Na ce, “Baffa, yatsu biyu ne.”

“Saura uku. Cin abinci ma da uku ne sunna.”

“Gilashi fa? Da me zan riƙe?”

“Da ma kai ka taɓa riƙe wata sana'a?”

Likita ta sake yi masa bayani, a hankali, ta ce maganin barcin yanzu ba kamar na da ba ne, ta ce ni yaro ne mai lafiya. Baffa ya yi mata godiya ya ce Allah ya yi wa karatunta albarka, amma a'a. Sai ta tambaya ko mahaifiyata tana da rai.

“Tana nan,” in ji Baffa. “Amma ɗan fari ne.”

Ya faɗe shi ne yadda ake faɗin an rufe kasuwa. Kuma yana da gaskiyarsa. A gidajenmu na cikin birni har yanzu akwai matan da ke kunyar ɗan fari yadda iyayensu suka yi, kuma mahaifiyata tana cikin na gaba-gaba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa cewa ɗana ba. In dole ta yi zancena sai ta ce wancan, ko yaron gidan su Malam, wato Baffa. Ni kuma Yaya nake ce mata, don haka na taso na ji ƙannenta suna kiran ta. Ta sake aure, tana wani lungu bayan kasuwa da ƴaƴanta. In na je gaishe ta takan amsa ne tana kallon wani wuri, kamar gaisuwar daga bango ta fito. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Ni ma na sani. Sai dai sanin bai taɓa sa na ji daɗin abin ba.

Likita ta ce a kira ta. Baffa ya ce a kira ta mana, ai ba zai hana ba.

Aka ba ni gado na kwana. Kusa da ni wani tsoho ne da babur ya karya wa ƙafa, matarsa tana jinyarsa, mace mai surutu da goro a kumatu. Kafin gari ya waye ta san tarihina kaf, har sana'o'in da na bari.

Da hantsi Yaya ta shigo da kula a hannu. Oga ne ya je ya faɗa mata. Ta gaida tsohon, ta yi masa ya jiki. Ta gaida matarsa, suka yi ya mai jiki, ya gida, ya yara. Ta gaida wani mutum can gefe da ba ta taɓa gani ba. Sannan ta ajiye kular a ƙarƙashin gadona ta ce, “Ga wannan, ko akwai mai sha,” ta zauna a benci ta ba ni rabin baya. Bandejin kam ta kalle shi, na gan ta. Sau ɗaya, da gefen ido.

Baffa ya iso, suka gaisa, ta durƙusa har ƙasa. Ba a jima ba likita ta zo zagaye da takardar a hannu.

“Hajiya, sannu da zuwa. Mece ce alaƙarki da shi?”

Yaya ta gyara hijabi. “Yaron gidan su Malam ne.”

“Na gane. Ke fa?”

“Muna dai tare da su.”

Matar tsohon ta yi dariya har goro ya kusa sarƙe ta. “Likita, ɗan fari ne fa. Kar ki matsa wa baiwar Allah. Ni nawa har ya yi furfura ban taɓa kiran sunansa ba, ga shi nan da ransa.”

“Mama, na sani. Ni ma a garin nan aka haife ni,” in ji likita. Ta juya wajen Yaya. “Ga yadda abin yake, Hajiya. Baffansa ya ce kar a yi. In ke maƙwabciya ce kika zo dubiya, na gode, maganarsa zan bi. In kuma ke ce uwa, taki zan bi. Amma ba ni zan faɗa miki ko ke wace ce ba.”

Tsohon ma da yake ta nishi tun asuba ya dakata.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kin dai san yadda aka yi da marigayi. Tare muka zauna a bakin ƙofar nan. Yaron nan kuma tun yana warin nono kika bar mana shi, ba ki taɓa sa mana baki ba, mun gode miki. Yau ma ki bari.”

Ni dai ina kwance ina kallon silin. Na san in ta tashi ta ce Allah ya sawwaƙe ta tafi, ba wanda zai ga laifinta. Za ma a yaba mata, a ce mace mai kara. Na gwada motsa yatsun a cikin bandeji, ko za su ji tausayina su motsa a huta. Ba su motsa ba.

Yaya ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Sai ta ce, “Likita, in an sa mutum barcin nan, yana tashi?”

“Yawanci lafiya lau ake tashi, musamman mai ƙuruciya irinsa. Amma ba zan rantse miki ba. Ba likitan da zai rantse.”

“In ba a yi ba fa?”

“Zai rayu. Yatsun ne ba za su ƙara lanƙwasa ba.”

Sannan ta tambayi taga, “Shi mai hannun me ya ce?”

Likita ta kalle ni. Na ce, “Ina son yatsuna.”

Na so in ƙara wani abu mai nauyi, irin wanda za a riƙa tunawa, amma abin da ya zo ke nan.

Yaya ba ta juyo ba. Tagar take kallo, muryarta kuma ƙasa-ƙasa, sai da likita ta ɗan sunkuya.

“Ni na haife shi. A yi masa.”

Matar tsohon ta ce, “Ikon Allah,” ta tofar da goro a gwangwani.

Likita ta karanta mata abin da ke takardar da Hausa, ta karanto sunana cikakke ta ce shi ne? Yaya ta ce, “Shi ne.” Aka miƙa mata biro. Ta rubuta sunanta da ajami, a hankali, tana danna biron kamar za ta huda takardar. Da ta gama ta miƙa, ta durƙusa gaban Baffa ta ce ya yi haƙuri. Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita.

Washegari aka shiga da ni. Abin da na riƙe shi ne wani mutum ya ce in yi bismilla, na yi, sai kuma na farka bakina a bushe, hannuna a cikin filasta har gwiwa, ina ta yi wa nas bayanin yadda ake yanka gilashi. Oga ya ce min Baffa yana bakin ƙofar tiyata tun kafin a shiga da ni, a kan benci, da carbinsa, bai ko tashi shan ruwa ba. Yaya tana can ɗaya ƙarshen bencin. Da aka fito aka ce na tashi, Baffa ya tafi gida bai shigo ya gan ni ba, kuma ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Ita ma Yaya an ce ta sha tsiya wajen matan babban gida. A wani suna har wata gwaggona ta ce mata sannu uwar ɗa.

Filastan ya daɗe. Bayan an cire kuma aka haɗa ni da masu gashi da motsa yatsu, wata mata mai hannu kamar filaya tana lanƙwasa su ina ambaton Allah. Shi ne abu na farko a rayuwata da na yi ta zuwa ban tsallake ba. Na kusa da ƙaramin ya dawo sosai. Ƙaramin ya dawo rabi ya tsaya.

Ranar da suka ce na gama, na bi ta lungun bayan kasuwa. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana ɗinkin hula. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa hular. Na zauna a bakin tabarma. Ba ta ce ya hannu ba, ni ma ban ce ga hannu ba. Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kofin kunu, babban kofin silba, cike har baki. Ta zagayo ta ajiye shi a ƙasa ta gefen damana, ta koma ta ɗau allurarta, amma ba ta soka ba.

Na sa hannun dama na ɗauka. Da nauyi, ga zafi. Yatsu huɗu suka kama, ƙaramin ya ɗan tsaya a sama kamar na ƴan gayu. Ta bi kofin da ido tun daga ƙasa har ya kai bakina, ko ɗigo bai zuba ba.

Ta soka allurar a hula ta ja zare.

“Ɗayan da saura,” ta ce wa hular.

Na ce, “Da saura kaɗan.”

“A dai riƙa motsa shi.”

Na ce to, na ci gaba da shan kununa.