Dutsen da Ya Sha Ruwa

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ina da ɗan shagon ƙirar zinariya a Tudun Wada ta Kaduna. Damina ta fara sauka, gari kuma ana zaman ɗar-ɗar, don ba mu gama yarda za su tafi ba.

A lokacin ne wata nas daga unguwar Romi ta zo wurina. Mijinta ɗan ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ne, an sako shi daga tsare, za su yi addu'ar godiya a cocinsu, tana son sarƙar da za ta saka a ranar. Ta kwance hankici ta nuna mini wani dutse fari kamar madara, in ka juya shi sai kore da ja su riƙa walƙiya a ciki. Ta ce sunansa ofal, na marigayiya mahaifiyarta ne. Ta haɗo da ƙananan daimon biyu daga tsohon ɗan kunne, da hoton sarƙar wata sarauniyar zamanin da, wanda ta yanko daga mujalla.

"Malam, irin wannan nake so. Za ka iya?"

Na ce zan gwada.

Aikin zinariyar ya yi nisa sai aka yi ruwa da iska, kwanon shagon ya yi yoyo. Da safe na tarar da 'yar tasar da na ajiye dutsen cike da ruwa. Na tsamo shi, ya koma garau kamar fasasshiyar kwalba, babu kore babu ja. Wa zai yarda ba musanya shi na yi ba? Kuma a Kadunan wancan lokaci, ƙaramar magana tsakanin unguwa da unguwa ba ta tsayawa ƙarama.

Matata ta ce in shanya shi a rana. Wani tsohon maƙeri a Makera ya hana, ya ce shi ma bai san dutsen ba, amma kada in kai shi kusa da zafi. Abinci ya gagare ni. Daga ƙarshe na hau bas zuwa Romi na nuna wa nas ɗin.

Ta karɓa ta duba shi.

"Mama ba ta taɓa shiga wanka da shi ba," in ji ta. "Ban taɓa tambayarta dalili ba."

Ba ta zarge ni ba, ba ta kuma ce komai ya wuce ba. Ta miƙo mini shi kawai.

Na ajiye shi a inuwa cikin auduga. Sai ya zama fari fat kamar alli, na ce shi ke nan na kashe shi. Kullum in buɗe, in rufe. Ana saura 'yan kwanaki a yi addu'ar godiyar na ga ɗan kore a gefe, washegari ya bazu.

Jan bai dawo duka ba. Haka na ɗaura shi tsakanin daimon ɗin. Da ta zo karɓa ta tsaya bakin ƙofa ta juya shi a haske, sannan ta ce in taya ta maƙala ƙugiyar sarƙar a wuyanta, yatsunta ba sa kamawa.